Labarin Zumbak Mutumin Folan, Mayaƙin Sama da Ya Rasa Ƙasarsa

 Labarin da za mu kawo muku yau na wani Bature ne mutumin ƙasar Folan, direban jirgin sama na yaƙi, wanda ya mutu tun cikin 1986. Sunansa a rubuce Jan Zumbach, amma Yan a ke faɗa a bakinsu, watau Yahaya ke nan a namu. Mu za mu riƙa ce masa Zumbak don sauƙi.

Watakila wani ya ce, ina ruwan mutumin Gumel da mutumin Folan? To, da ruwansa. Mutumin nan ya zo Nijeriya da jirgin yaƙi cikin 1967, ya zuba bom a Makurɗi, kuma sojan saman da ya shirya wa Biyafara sun kai hari har filin jirgin sama na Kano. Alhali kuwa shi ne wanda Jamusawa suka ci ƙasarsa da jiragen sama, ya yi hijira, ya yi shekara 5 yana yaƙi a sararin samaniya don a ƙwato ta, har ya yi suna na gaskiya. Yadda mai tsaron gida ya koma mai rushe gidan waɗansu don lada, shi ne abin da ya kamata mu duba.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

Ƙasar Folan tana tsakiyar Turai, Jamus na yamma da ita, Rasha na gabas. Fili ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba teku tsakaninta da manyan maƙwabtan nan biyu, saboda haka duk sa'ad da suka yi ƙarfi ita ke shan wuya. Cikin 1795 Rasha da Ostiriya da Furusiya, wadda daga baya ta zama uwar Jamus, suka gama raba ta tsakaninsu kamar naman watanda, sunanta ya fita daga taswira har shekara 123. Amma mutanenta ba su bar harshensu ba, ba su kuma daina tawaye ba, har Yaƙin Duniya na Farko ya karya sarakunan nan uku, ta komo da tutarta cikin 1918.

An haifi Zumbak ran 14 ga Afrilu 1915, cikin 1333 ta Hijira, zamanin Sarkin Kano Abbas, a wani wuri da a ke kira Ursinuf gefen birnin Warso, lokacin Rasha ke riƙe da birnin. Iyayensa masu gonaki ne da rufin asiri. Yana da shekara 3 ƙasar ta sami kanta, don haka ya tashi cikin samarin da aka rena da labarin ƙasƙancin da kakanni suka sha, aka cusa musu cewa ƙasa aba ce da a kan rasa in an yi sakaci.

Akwai wani abu cikin asalinsa da ya kamata mai karatu ya riƙe. Kakansa na wajen uba mutumin Suwizalan ne, ya zo Folan ya zauna, saboda haka a takarda jikan ma ɗan Suwizalan ne. Suwizalan kuwa ƙasa ce da ba ta shiga yaƙin kowa. Da ya so, da ya riƙe takardar nan ya zauna lafiya, ba mai kiransa soja. Sai ya ɓoye ta, ya shiga sojan ƙasa na Folan. Cikin 1936 ya koma makarantar mayaƙan sama ta Demblin, ya fito hafsa cikin 1938, aka sa shi ƙungiya ta 111, ɗaya daga cikin masu tsaron samaniyar Warso. A makarantar nan ya yi aminai biyu, Feric da Lokucewski, waɗanda za mu sake jin sunansu.

FAƊUWAR FOLAN DA FARANSA

'Yan watanni kafin yaƙi ya yi hatsari da jirgi, ƙafarsa ta karye. Yana cikin jinya Hitila ya auka wa Folan ran 1 ga Satumba 1939, cikin Rajab na 1358, shi ne mafarin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila. Jiragen Folan tsofaffi ne, har jiragen bom na Jamus sun fi su gudu, duk da haka direbobinsu suka tashi suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Ran 17 ga watan sai Rasha ta shigo ta gabas, zama Hitila da Sitalin sun riga sun ƙulla a asirce tun cikin Agusta za su raba ƙasar. Warso ta sha bom har ta sallama a ƙarshen watan. Zumbak bai sami tashi ya yi harbi ko sau ɗaya don garinsu ba, sai dai ya bi 'yan'uwansa suka ƙetare iyaka zuwa Romaniya.

Dubban sojan Folan haka suka yi. Suka sulale daga sansanonin da aka tsare su a Romaniya, waɗansu da fasfon jabu, waɗansu ta teku har Bairut, suka tattaru a Faransa, inda gwamnatinsu ta hijira ta kafa sabuwar runduna ƙarƙashin Janar Sikorski. Ran 10 ga Mayu 1940 Jamus ta juyo kan Faransa. Zumbak ya yi yaƙi cikin jiragen Faransawa, ran 10 ga Yuni aka harbo shi, ya fita ba ko ƙwarzane. Ran 18 ga Yuni, da ya tabbata Faransa ta karye, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. Cikin wata 10 ƙasa biyu sun faɗi a gabansa, ya yi hijira biyu.

YAƘIN SAMAN INGILA

Ingila tsibiri ce, Hitila ba shi da ikon ƙetarar da mayaƙa ta ruwa sai ya fara karya sojan samanta. Ingilishi kuwa suna ƙera jirage ba dare ba rana, amma ƙwararrun direbobi sun yi musu ƙaranci, zama ƙera jirgi ya fi horar da mai tuƙa shi sauri. Duk da wannan bukata, da fari ba su amince da baƙin nan ba, suna ganin mutanen da aka ci sau biyu ba abin da za su tsinana. Ran 2 ga Agusta 1940 aka kafa ƙungiya ta 303 ta mutanen Folan a filin Northolt, yamma da Landan, Zumbak yana cikin na farko.

Aka mai da su koyo kamar sababbin almajirai, kuma da dalili. Ba su jin Turanci, umarni kuwa ta rediyo ya ke zuwa daga ƙasa, daga masu duban na'urar nan mai hango jirgi tun yana nesa, wadda a ke kira rada. Su da kilomita suka saba, Ingilishi da mil su ke awo. A jiragen Folan da Faransa, in kana son ƙarin gudu baya ka ke jawo totur, a na Ingila gaba a ke tura shi. Ƙafafun jiragen Ingila kuma naɗewa su ke yi bayan an tashi, sai mutum ya manta ya sauka bisa cikin jirgi. Har kekuna masu ƙafa uku aka ba su, da akwatin rediyo, suna zagaya fili a jere don su koyi bin umarni, mutanen da suka riga suka ga yaƙi biyu. Ran 30 ga Agusta suna cikin tashin gwaji, wani daga cikinsu mai suna Paskewic ya hango jiragen Jamus, ya yi magana ta rediyo bai sami amsa ba, ya ware shi kaɗai ya harbo ɗaya. Kashegari aka ba su izinin yaƙi.

Jirgin da suka tuƙa sunansa Hurricane, yana da bindiga 8 masu aman wuta, 4 a kowane fiffike, amma harsashin da ya ke ɗauka duka bai wuce na harbin sakan 15 ba. Wanda ya fara harbi daga nesa, sai jarinsa ya ƙare bai sami kome ba. Mutanen Folan tun a gida sun saba da jirage marasa ƙarfi, sun koyi su danne zuciya su matsa har su kusa taɓa abokin gaba tukuna su saki wuta. Ingilishi da fari sun ɗauka wauta ce, daga baya suka gane lissafi ne.

Ran 7 ga Satumba 1940 Jamusawa suka juya kan birnin Landan da ɗaruruwan jirage. Ran nan Zumbak ya harbo jiragen bom 2, su ne na farkonsa. Ran 15 ga watan aka yi babbar karawa, bayan kwana 2 Hitila ya ɗage shirin ƙetarowa, bai kuwa sake ɗauko shi ba. Sarkin Ingila Joji na Shida da kansa ya ziyarci ƙungiyar ran 26 ga Satumba. Kafin a janye su su huta cikin Oktoba, an rubuta musu jirgi 126 cikin mako 6, Zumbak shi kaɗai yana da 8. Masu bincike na baya da suka gwada lissafin nan da littattafan Jamusawa sun rage adadin, kamar yadda suka rage na kowace ƙungiya, gama cikin hargitsin sama mutum biyu kan ƙirga jirgi ɗaya. Duk da haka ƙungiya ta 303 ta tsaya cikin na gaba ƙwarai. Direbobin Folan 145 suka yi wannan yaƙi, wajen 30 daga cikinsu suka mutu a cikinsa.

YAƘIN YA TAƁA ƘASARMU

Kada mai karatu ya zaci abin nan duk nesa da mu ya faru. Da Faransa ta faɗi, ƙasar Nijar ta shiga hannun gwamnatin Faransawa masu biyayya ga Jamus, wadda ke zaune a garin Vichy, Nijeriya kuwa tana hannun Ingilishi. Sai iyakar nan tamu ta Maigatari, wadda dangi ɗaya ne ke zaune gefenta biyu, ta zama iyaka tsakanin ɓangarori masu zaman doya da manja, har ƙarshen 1942. Amma Cadi, ƙarƙashin gwamnanta baƙar fata Felix Eboue, ta bi Janar Dagol cikin Agusta 1940, wannan kuwa ya buɗe wa Ingilishi hanyar sama. A kan kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, watau Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su zuwa Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Darfur zuwa Hartum, kusan hanyar da alhazanmu na ƙasa ke bi, kana su gangara Masar inda a ke fama da Jamus da Italiya. Daga 1941 zuwa 1943 akwai ƙungiyar direbobin Folan cikin masu wannan aiki, suna sauka Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, su sha mai su wuce. Mutanen Nijeriya kuma sun tara gudummawar kuɗi don sayen jirage, har aka sa wa ƙungiya ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Nijeriya, ban da 'ya'yanmu da suka tafi Habasha da Bama. Ashe a wancan zamani mu da Zumbak ɓangare ɗaya mu ke.

SAURAN YAƘINSA

Ran 9 ga Mayu 1941 aka sake harbo shi wajen Doba, a gaɓar Ingila, ya diro da laima lafiya. Cikin Fabrairu 1942 amininsa Feric ya faɗi da jirgi a Northolt ya mutu, wata na biye aka harbo Lokucewski a Faransa, Jamusawa suka kama shi. Cikin Mayu 1942 aka naɗa Zumbak shugaban ƙungiya ta 303, yana da shekara 27. Lokacin Spitfire su ke tuƙawa, shi kuwa an san nasa da hoton agwagwar nan mai faɗa ta wasan yara, Donald Duck, da ya sa aka zana masa a gefe. Shi ya ja su ran 19 ga Agusta 1942, sa'ad da aka kai farmaki garin Diyef na gaɓar Faransa. Daga baya ya yi makarantar manyan hafsoshi, ya shugabanci reshe guda mai ƙungiyoyi da dama. Cikin Afrilu 1945 yana zagayen aiki da wani ƙaramin jirgi ya ɓace hanya, mai ya ƙare, ya sauka cikin Jamusawa, ya yi watan ƙarshe na yaƙin yana fursuna. An tabbatar masa da jirgi 12, ban da waɗanda suka yi tarayya da waɗanda a ke kyautata zato. Ya sami lambar jarumtaka mafi girma ta ƙasarsa, mai suna Virtuti Militari, da lambar Ingila ta gwanayen sama har sau biyu.

NASARA BA GIDA

Ran 8 ga Mayu 1945 Jamus ta sallama, duniya ta yi murna, mutanen Folan ba su sami abin murna ba. Ƙasarsu ta rasa mutum wajen miliyan 6, rabinsu Yahudawa. Tun cikin 1940 Rasha ta kashe hafsoshinta da manyan ma'aikatanta wajen 22,000 a dajin Katin da waɗansu wurare. Cikin 1944 mutanen Warso suka tasar wa Jamusawa har wata 2, aka murƙushe su, aka rushe birnin gida gida. Sa'an nan cikin Fabrairu 1945 Cocil na Ingila da Rusbel na Amurka da Sitalin na Rasha suka zauna a garin Yalta, aka bar wa Rasha gabashin Folan, sauran kuwa ya koma hannun gwamnatin kwaminis wadda Rasha ta kafa. Cikin Yuli 1945 Ingila ta janye amincewarta da gwamnatin hijira da ke Landan. Ita kuwa Ingila tun farko saboda alkawarin da ta yi wa Folan ta shiga yaƙin. Ran 8 ga Yuni 1946 aka yi babban faretin nasara a Landan, har da sojan Afirka ta Yamma, amma ba a gayyaci rundunar Folan da ta yi yaƙi tare da Ingilishi ba, don gudun ɓata wa Rasha rai. 'Yan direbobi kaɗan aka kira, su kuwa suka ƙi zuwa ba 'yan'uwansu.

Kowane ɗayansu sai ya zaɓi hanya, ba kuwa mai daɗi a ciki. Skalski, wanda ya fi kowane direban Folan yawan harbo jirage, ya koma gida cikin 1947, aka kama shi cikin 1948 da zargin leƙen asiri, aka azabtar da shi, aka yanke masa hukuncin kisa, bai fita kurkuku ba sai 1956. Lokucewski shi ma ya koma cikin 1947, ya daure, ya rayu a can har 1990. Urbanowic, wanda ya shugabanci ƙungiya ta 303 lokacin yaƙin saman Ingila, ya zauna Amurka yana aikin albashi. Turowic da waɗansu 'yan'uwansa suka tafi Pakistan cikin 1948, suka taimaki sabuwar ƙasar ta kafa sojan samanta, shi ya zauna can yana mata hidima har ya mutu a Karachi cikin 1980.

FASA-ƘWAURI DA SOJAN HAYA

Shi kuwa Zumbak an sallame shi cikin Oktoba 1946, yana da shekara 31, ba ƙasa, ba gona, ba sana'a sai tuƙi da harbi. Sai ya tono takardar nan ta Suwizalan da ya ɓoye a da, ya karɓi fasfo da ita. Takardar da ya ƙi don ya zama sojan ƙasarsa, ita ta zama jarinsa na fasa-ƙwauri.

Ku mazauna bakin iyaka ba ku bukatar dogon bayani a nan. Turai ta fito daga yaƙi a talauce, kowace ƙasa ta ɗaure kuɗinta da kayanta da dokoki, abin da ke araha nan yana tsada can. Abin da mai jaki ko mai babur ke yi ta cikin daji da dare, shi Zumbak ya yi ta sama, yana ratsa kudancin Turai da Gabas ta Tsakiya da agogai da zinariya da sauran kayan da kwastan suka hana. Daga baya ya zauna a Faris, babban birnin Faransa, ya buɗe gidan rawa. Wanda ya saba da sayar da gwanintarsa a ɓoye kuwa, komai daɗewa mai sayen da ya fi muni zai zo taya.

Ƙasar Kwango ta sami mulkin kai ran 30 ga Yuni 1960. Bayan kwana 11 Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga, mai arzikin tagulla, da goyon bayan Turawan Beljiyam masu haƙar ma'adinan. A can aka kashe Firayim Minista Lumumba cikin Janairu 1961. Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da runduna, har da sojan Nijeriya, cikinsu akwai Ironsi da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed. Cikin Janairu 1962 Tshombe ya ɗauki Zumbak haya ya shirya masa sojan sama. Ya samo tsofaffin jiragen koyo aka ɗaura musu makamai, ya tara direbobin haya, ya riƙa amsa sunan aro, Mista Brown. A ƙarshen Disamba 1962 jiragen Majalisa suka farfasa mafi yawan jiragensa a ƙasa a Kolwezi, cikin Janairu 1963 tawayen ya mutu. Ya koma Turai ya shiga dillancin tsofaffin jirage.

ZUWANSA NIJERIYA

Dattawanmu ba su manta da 1966 ba. Cikin Janairu aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshi irin su Maimalari. Cikin watannin da suka biyo aka kashe mutanen Gabas masu yawa a garuruwan Arewa, har da Kano, sauran suka gudu gida. Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasar jiha 12, Gumel da Maigatari suka faɗo cikin Jihar Kano ƙarƙashin Audu Bako. Ran 30 ga watan Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli, cikin 1387 ta Hijira, aka fara harbi.

Cikin wannan hali Zumbak ya kawo wa Biyafara wani tsohon jirgin bom ƙirar Amurka mai inji biyu, B-26, wanda aka sayo hannu na biyu a Faransa, ya kuma tsaya ya tuƙa shi da sunan John Brown. Aka zana haƙoran kifi mai cin mutane a hancinsa, aka cika shi da bom ƙirar gida. A Turai jirgin nan tsohon ƙarfe ne, amma lokacin Gwamnatin Tarayya ba ta da jiragen faɗa da za su tare shi, a garin makafi kuwa mai ido ɗaya sarki ne. Ran 10 ga Yuli 1967 Zumbak ya kai hari filin jirgin Makurɗi, a bakin Binuwai. Cikin Agusta jiragen yaƙi ƙirar MiG suka iso Kano daga Rasha, ita Rashan nan da ta danne ƙasarsa, sai B-26 na Biyafara ya biyo su har filin Kano ya zuba bom, filin da 'yan'uwansa suka riƙa sauka a matsayin baƙin arziki shekara 25 kafin nan.

Bai daɗe ba ya koma Turai. Ran 4 ga Oktoba 1967 sojan Tarayya suka shiga Inugu, suka tarar da jirginsa a yashe. Yaƙin kuwa bai ƙare ba sai ran 15 ga Janairu 1970. Jiragen Tarayya, waɗanda su ma baƙi ne Misirawa da waɗansu suka tuƙa da fari, sun zuba bom a kasuwanni da garuruwan Gabas, yunwa ta kashe yara ba adadi. Baƙin direbobi na ɓangaren nan da na wancan mafi yawansu sun karɓi ladansu sun tafi, gawawwakin kuwa namu ne.

ƘARSHENSA

Ya rubuta tarihin rayuwarsa da Faransanci, ya sa masa suna Mister Brown, aka fassara shi da Turanci cikin 1975, bai kuwa ɓoye fasa-ƙwaurinsa da aikin hayarsa a ciki ba. Ya mutu a Faransa ran 3 ga Janairu 1986, cikin 1406 ta Hijira, yana da shekara 70, cikin wani hali mai duhu, hukuma ta rufe binciken ba ta bayyana dalili ba. Aka kai gawarsa Warso, aka binne shi a maƙabartar soja ta Powonski. Garin da bai sami karewa ba yana saurayi, bai kuma koma ya zauna cikinsa ba, shi ya karɓi ƙasusuwansa. Bayan shekara 3, cikin 1989, mulkin kwaminis ya faɗi a Folan.

Mai adalci ba zai tauye wa mutumin nan haƙƙinsa ba. Jarumtakarsa ta 1940 gaskiya ce, yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka tare Hitila, wanda ya ɗauki baƙar fata ƙasƙantacciyar halitta, kuma da ya ci Ingila da Nijeriya ma ta shiga rabo. An kuma ci amanarsa da 'yan'uwansa, manya suka yi ciniki da ƙasarsu bisa tebur ba a tambaye su ba. Ƙaramar ƙasa ta lura da wannan, alkawarin babba iyakarsa inda amfaninsa ya tsaya. Amma zaluncin da aka yi wa mutum ba ya ba shi izinin ya juye shi kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutanen Makurɗi ba su je Yalta ba. Skalski da Turowic rashinsu ɗaya da nasa, ba su kuwa kai hannunsu kasuwa ba. Gwanintar da ya yi aiki da ita bisa Landan ita ce ya yi aiki da ita bisa Binuwai, abin da ya sake shi ne wanda a ke yi domin shi. Bai kuwa faɗa ramin nan da tsalle ɗaya ba, da agogo ya fara kafin ya kai ga bom.

Sojan haya ba su ƙare a Afirka ba, masu tayin ɓarna kuma ba su ƙare a kasuwanni ba. Saboda haka malamin da ke koyar da yaro, da attajirin da ke ɗora ɗansa bisa fatauci, kada su tsaya ga koya masa gwaninta kaɗai. A koya masa tun yana ƙarami cewa akwai cinikin da ba a sallamawa ko nawa aka taya, domin ranar da zai rasa mai tsawata masa, ko ya sami kansa baƙo a ƙasar da ba wanda ya san ubansa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Haza wasalam.